Wunin Farko a Garwa

Mun bar Duwala cikin duhu da yayyafi.
Ban gama shan shayin kofin roba ba
matuƙi ya ce a ɗaura ɗamara.
Bakwai saura kwata
na taka ƙasar Garwa.

Babana kwana huɗu ya yi a wannan hanya,
jirgin ƙasa har Ngaundere,
sannan bayan motar auduga, shi da buhun kayan aikinsa.
Ni tsakanin asuba da hantsi na yi ta,
shi ya sa jiki ya iso, rai yana baya,
kamar mangwaron da iska ta kaɗo
bai kai ga nuna ba, sai faɗowa.

Mai masauki ya leƙa littafinsa:
"Ɗaki sai azahar, mai shi bai tashi ba."
Na tura akwati bayan kanta,
na fita da makulli ɗaya a aljihu,
mai jan zare, wanda tsatsa ta fara cinyewa.

Ɗan babur ya tsaya. "Jam na?"
Fillancina bai wuce gaisuwa ba,
sai ya juya harshe, ya ce shi ne Hamajoda,
ɗari biyu ko'ina cikin gari,
in da jira, sai mu yi magana.
Ya kai ni gindin darbejiya wajen Dudu mai ƙosai.
Kunun gyaɗarta ya ƙona mini leɓe,
shi ne abu na farko da garin ya gaya mini
ba tare da fassarawa ba, ba tambayawa.

Daga kan gada na ga Binuwai ta rame,
yashi ya fi ruwa yawa.
Masu wanki sun shanya zannuwa har iyakar gani,
wani yaro na jan giwan ruwa da ta kusa tsayinsa.
Hamajoda ya nuna can: "Dorina!"
Kunnuwa biyu kawai na gani,
su ma suka koma cikin ruwa.

Sha ɗaya rana ta zare takobi.
Barcin da na bari a filin jirgi
ya biyo ni lungu-lungu a Hausare,
ina ƙirga ƙofofi yadda Baba ya kwatanta:
bayan rijiya, gefen masallacin ƙasa, ƙofar katako shuɗiya.
Rijiyar an rufe ta.
Masallacin ya sha siminti.
Ƙofar ta zama ta ƙarfe, ana cajin waya a ciki,
makullina ba shi da wurin shiga, balle buɗewa.

Wani tsohon tela ya ɗaga ƙafa daga keke,
ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe.
"Wannan goshin na Gambo ne mai gyaran rediyo.
Ina biyarsa dala arba'in, kuɗin ɗinkin wando!"
Ya yi dariya har da tari.
Na ce masa bara, cikin azumi.
Keken ya yi shiru.
Na laluba aljihu, ya riƙe mini hannu:
"Bar shi. In ka biya,
da me zan riƙa tuna shi?
Zauna, ga inuwa."

Nan na yi azahar, nan na yi la'asar,
na ci tuwon dawa da miyar yakuwa a kwano ɗaya da shi,
na ji sunayen mutanen da ban sani ba
ana kiran su kamar suna bayan zana.

Da magariba mai masauki ya miƙo lamba tara,
ya ce tun ɗazu ake jirana.
Na kwanta da takalmi, fanka na kukan tsufa,
makullai biyu na karo a aljihu.
Ban ji kiran isha ba.
Can cikin dare na farka, wani na murɗa rediyo a maƙwabta,
tasha na zuwa, tana ɓacewa.